Hayar gida mai wurin ajiye mota a Badagry: abin da mutumin Katsina zai duba

Duk wanda aiki ko kasuwa za ta ɗauka daga Katsina ko Daura zuwa Badagry ta jihar Legas, kusa da iyakar Seme, in dai da mota zai tafi, to ya fara duba makwancin motar kafin ya duba ɗaki. A nan mota takan shekara tana kwana ƙofar gida gindin bedi, ƙura kaɗai ke damunta. A bakin teku kuwa iskar ma gishiri gare ta, ƙasar rairayi ce, ruwan ƙarƙashin ƙasa na kusa da sama.

In da hali, je ka ga gidan a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Legas. In da rani ka je, duƙa ka dubi gindin katanga. Shatin ruwa da gansakuka za su nuna maka inda ambaliya take kaiwa. Daɓen tsakar gida ya zama ya fi titi tudu, kwatar ƙofar gida kuma tana gudu. Idan titi ya fi gidan tsawo, bar shi ko da kuɗinsa ya yi sauƙi, don ruwan unguwa a ƙarƙashin motarka zai kwana. Filin da ba a yi wa siminti ko intalok ba shi ma matsala ne, taya na nutsewa cikin jiƙaƙƙen rairayi.

Tafi da tef ɗin awo, kada ka tsaya ga "akwai fakin" ɗin dillali. Ƙaramar mota irin Corolla tana son faɗin mita 2.5 da tsawon mita 5. Hilux ta haura mita 5, sai an ba ta kamar 6. Get kada ya gaza mita 3, kuma ka shigar da motar da kanka ka fito da baya, saboda lungunan wasu unguwanni ba sa ba da damar juyawa. A gidan haya mai mutane da yawa ana jera motoci ne wata bayan wata. Wanda ke fita da asuba sai ya ƙwanƙwasa wa maƙwabta. Wannan kaɗai ya isa ɓata zama, shi ya sa nake ganin dole a rubuta wurin motarka cikin takardar yarjejeniya. Ɗaga kai kuma: Badagry garin kwakwa ne, guda ɗaya in ta faɗo ta gama da gilashin gaba.

Tsatsa daga ƙasa take farawa, salansa, faifan birki, sai kan batir. A wanke ƙarƙashin mota da ruwan daɗi duk mako biyu, a shafa giris a kan batir, kada a lulluɓe ta da tampol tana jiƙe, danshin ne ke cin fenti. Ɗanɗana ruwan burtsatsen gidan tukuna, don wasu da gishiri suke fitowa, wanke mota da shi ƙara mata ciwo ne.

Ban da kuɗin haya akwai la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya, galibi kashi 10 cikin 100 kowanne, sai kuɗin ajiya na ɓarna da ake mayarwa ran tashi. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta wajabta ba da rasit, mai biyan shekara kuma notis ɗin tashi na wata shida ne haƙƙinsa in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Kada ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan ko lauyansa ido da ido, ka kuma duba mitar wuta ko wanda ya tashi ya bar bashi a kanta.