Ina ƙara wa katanga tsayi, kare yana fita ta ƙasa

Ƙannena masu niyyar ajiye kare don gadin gida, ku ji inda na yi kuskure. Sa'ad da muka tare a wata sabuwar unguwa a bayan garin Zariya, gidaje tsilli-tsilli ne, ɓarayi kuma sun addabe mu. Na samo kwikwiyo, muka sa masa suna Baƙi, na sake shi a bayan gida. Yana kai wata takwas ya fara ɓacewa.

Nan da nan na kira magini ya ƙara bulo layi biyu. Ko mako ba a yi ba ya sake fita. Sai wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na durƙusa a gindin katanga, na ga baƙin gashi maƙale a bakin rariya, laka duk ta sha farce. Ashe tun farko ta nan yake bi. Kafin ku kashe ko kwabo, ku zaga shingen a tsugune, ku duba yadda karen ke dubawa. Ku sa ragar ƙarfe a rariya. In danga ce ko waya, ku shimfiɗa ragar waya kwance daga gindinta zuwa cikin gida, kamar rabin mita, ku binne ta, ku ɗora duwatsu, don a gindin shinge kare ke fara tono. Durum da tarin itace da ragowar bulo kuwa matakala ce gare shi, a janye su daga jikin bango. Ku kuma duba ƙasan ƙyaure.

Kuskuren da har yau yake damuna shi ne duka. Duk ran da ya dawo, yana kaɗa bindi a ƙofa, sai in ɗauko tsumagiya. Ni a ganina horo nake yi. Shi kuwa abin da ya fahimta, dawowa gida ce ke jawo bulala. Daga nan ya koma kwana biyu a waje, in na kira shi sai ya maƙe ya ja baya. Na ɗauki watanni ina lallashi da ɗan ƙashi da tuwo kafin ya sake amsa kirana. Sarƙar da na ɗaure shi da ita wuni guda a rana ma ba ta ƙara masa komai ba sai zafin rai.

Likitan dabbobi ne ya buɗe mini ido. Karya kan shiga lokacin barbara kusan sau biyu a shekara, mako biyu zuwa uku, namiji kuma yana jin ƙamshinta daga nesa. Dandaƙa tana rage wannan yawon sosai. Tsawar damina da ƙarar nokawut na bukukuwa su ma suna firgita shi, a irin wannan dare a sa shi a ɗaki mai rufi. Da na fara fita da shi da igiya bayan asuba, tonon ma ya ragu.

Amma kafin in gane duk wannan, ya riga ya ciji ɗan maƙwabcina a ƙauri, ni kuma ban taɓa yi masa rigakafin ciwon haukan kare ba, alhali a Vom ta jihar Filato ma ana haɗa allurar. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana, da wuya ƙwarai a rayu. Muka wanke wurin cizon da sabulu da ruwa minti 15, muka garzaya asibiti aka fara yi wa yaron allurai, aka ce in killace karen kwana 10 a sa masa ido. Allah ya kiyaye, karen lafiyarsa ƙalau. Uban yaron bai ɗaga mini murya ba, amma kwana goman nan ban iya haɗa ido da shi a masallaci ba. Yanzu duk shekara nake kai Baƙi allura, katinsa na cikin jaka ɗaya da takardun gida.