Ƙarin da na saya wa inshorar gidanmu na Alajo, da wanda na bari

Doka a Ghana ba ta tilasta wa mai gidan zama yin inshora ba, gine-ginen kasuwanci ne aka wajabta wa ta gobara. Shi ya sa a unguwanninmu na Accra, daga Nima da Mamobi har nan Alajo, in ka ji ana zancen inshora to ta mota ce. Mu dai mun yi wa gidan gadonmu, kuma ni 'yan'uwa suka ɗora wa ɗawainiyar takardun. Bana da lokacin sabuntawa ya yi, aka miƙo mini jerin abubuwan ƙari, kowanne da kuɗinsa, aka ce in zaɓa.

Gundarin inshorar gida gobara ce da tsawa da fashewar tukunyar gas. Sauran, wato ambaliya, guguwa, girgizar ƙasa, fashewar bututun ruwa da sata, wani kamfani yakan haɗa su a dunƙule, wani kuma sai ka nema ka biya. Ni ba jerin na fara dubawa ba, unguwar na duba.

Tsakanin ƙofarmu da kogin Odaw ba nisa. A bangon ɗakin ajiya, wanda ba mu sake yi wa fenti ba, har yau ana ganin layin laka daidai ƙuguna, inda ruwa ya tsaya a daren 3 ga Yuni, 2015. Daren ne ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah Circle, mutum kimanin 150 suka rasa rayukansu, Allah Ya jiƙan su. Don haka ban tsaya shawara kan ambaliya ba. Abin da na tsaya a kai shi ne ma'anarta a takarda. Na tambayi ma'aikaciyar kamfanin inshorar: in kwata ce ta toshe ta maido ruwa cikin tsakar gida, kuna biya? Katangar waje da ƙofar ƙarfe fa? Nawa ne kason farko da mu za mu ɗauka kafin ku sa hannu? Ta buɗe shafin ta nuna mini. Ruwan kwata yana ciki, katanga kuwa sai an rubuta ta daban. Na sa aka rubuta, domin ita ce take fara karɓar ruwan.

Abu na biyu shi ne kuɗin masauki da asarar kuɗin haya, in gida ya lalace har aka tashi. A nan muka ja da Yayata. Ta ce, “Kai fa, in abu ya faru ai dangi na nan, wa zai bar ka a waje?” Na ce, “Yaya, gaskiyarki, amma dangi sati biyu za su iya. Gyaran rufi da waya wata nawa yake ci?” Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma wanda ya taɓa neman ɗaki a Accra ya san shekara biyu ake cewa ya ajiye. Ga kuma 'yan hayarmu da suka riga suka biya, kuɗinsu an yi hidimar makarantar yara da shi. In gobara ta tashe su, da me za mu mayar musu? Ta yi shiru, daga baya ta ce in saka.

Girgizar ƙasa a haɗe ta zo, ban cire ba. An yi babba a Accra a 1939, kuma mutanen Weija da McCarthy Hill sukan ji ƙananan motsi jifa-jifa.

Na sata na bari. Sharaɗinta sai an ga alamar fasa ƙofa ko taga, gidanmu kuwa ba ya rabo da mutane, tun asuba har tsakar dare akwai mai alwala ko mai girki a tsakar gida. Na lalacewar kayan lantarki ma na bari. Mun sha wuya a shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wutar lantarki, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona firji, kuma inshorar gobara ba ta cika biyan na'urar da ta ƙone don kanta ba. Amma da na lissafa, na'urar kare firji da talabijin ta fi sauƙi, sau ɗaya ake saya.

Kuɗin da na rage a waɗannan na zuba su inda na fi jin tsoro, wato adadin da aka yi wa gidan inshora a kansa. A Disamban 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, siminti da rodi da kwanon rufi duk suka yi sama. Akwai wani sharaɗi da mutane ba sa lura da shi: in sake gina gidanka zai ci sidi 800,000, kai kuma ka rubuta 400,000, to ko ɗaki ɗaya ne ya ƙone, ɓarnar ta kai 100,000, rabi za a ba ka. Na kira maginin da ya san gidan, ya auna ya yi ƙiyasi da farashin yau, da shi muka yi aiki.

Na kuma sanar da kamfanin cewa Hajiya mai ɗakin gaba tana dafa waakye, wato shinkafa da wake, na sayarwa da gas, don ɓoye irin wannan yana iya sa a ƙi biya ranar da ake bukata. Ya ɗan ƙara mana kuɗi. Sannan na zauna da 'yan haya bayan sallar Isha'i na faɗa musu cewa inshorarmu gini ta rufe, katifa da keken ɗinki da kayan ɗakinsu ba sa ciki, mai so sai ya yi tasa. Biyu daga cikinsu sun nemi in raka su ofishin ranar Litinin.