Zagin manya ba shi ne iya mulki ba

Da zarar zaɓe ya matso, hirar teburin mai shayi a unguwannin Legas irin su Agege da Idi-Araba da Mile 12 takan koma abu ɗaya: manya sun cinye ƙasa, a kawo wanda zai tsaya wa talaka. Ƙorafin gaskiya ne. Ɗan acaɓan da aka hana shi hawa manyan tituna tun 2020 da mai kawo tumatir da kuɗin mota ya cinye masa riba ba su buƙatar wanda zai koya musu fushi. Sai dai zagin manya ba ya cin ko sisi, shi ya sa kowane ɗan takara ya iya shi, har wanda ya shekara talatin yana cin tuwo da su.

Siyasar talakawa ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Jam'iyyar NEPU ta fara ta a Kano a 1950, Malam Aminu Kano ya ɗauke ta har zuwa jam'iyyar PRP. A 1979 PRP ta ci Kano da Kaduna, aka soke haraji da jangali. Amma dubi abin da ya sami Balarabe Musa, gwamnan PRP a Kaduna. Ba a taɓa zarginsa da tara abin duniya ba, sai dai majalisar jiha tana hannun jam'iyyar NPN mai adawa da shi. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi ta mulki babu su, a watan Yuni 1981 ta tsige shi. Gaskiyarsa ba ta kai shi ƙarshen wa'adi ba.

A nan Legas kuwa, a daidai wannan lokaci, Gwamna Lateef Jakande yana da majalisa a bayansa. Cikin shekara huɗu ya yi ilimi kyauta, ya gina ajujuwa, ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Abesan da Oke-Afa, waɗanda har yau ake kwana a cikinsu.

To, idan ɗan takarar shugaban ƙasa ya ce zai yi maganin manya, a tambaye shi da su wa zai yi aikin. Tsarin mulki ya tilasta masa ɗauko minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma sai sanatoci 109 sun tantance su. Kasafin kuɗi ba ya zama doka sai ya bi ta hannunsu da na 'yan majalisar wakilai 360. Kafin ma ya hau, sai ya samu kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Wa ke kawo masa waɗannan ƙuri'u, wa ke biyan kuɗin jirgin kamfe? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Buhari ya hau a watan Mayun 2015 da farin jinin talakawa irin wanda ba a saba gani ba, amma sai a watan Nuwamba ya rantsar da ministoci.

Sai batun kuɗi. Alkawarin da ba a faɗi inda kuɗinsa zai fito ba romon baka ne. Manyan 'yan takara uku na 2023 duk sun ce za su cire tallafin mai, mutane kaɗan ne suka matsa musu kan yadda za a yi da abin da zai biyo baya. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaba Tinubu ya sanar da cire shi, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kuɗin motar haya ta danfo ya bi.

Tarihin mutum ya fi bakinsa saurin tona shi. In ya yi gwamna, a tambayi malaman makaranta da 'yan fansho na jiharsa ko ana biyansu a kan kari, nawa ya tarar na bashi, nawa ya bari, kuma ya yi zaɓen ƙananan hukumomi ko kantomomi ya naɗa. A duba yadda ya yi da ɗan jaridar da ya soke shi. Takardun da ya miƙa wa INEC, na shekaru da makaranta, ana liƙa su a ofisoshin hukumar kafin zaɓe.

Mu mazauna Legas muna da ƙarin tambaya. Mai siyasar "mu da su" in ya gama da manya yakan nemi wasu "su" ɗin, kuma baƙo ne ya fi kusa da hannu. A saurari abin da ɗan takara yake faɗa a kan 'yan wata ƙabila idan yana gaban taron 'yan garinsu, da harshensu.