Marsandi SL500 da ta kwana goma sha ɗaya a kan raminmu

Janyo ta aka yi da igiya har ƙofar gareji. Marsandi SL500 ce ƙirar 1997, mai ƙofa biyu, irin wadda ake buɗe wa rufi, injinta mai silinda takwas. Mai ita ya ce ta maƙale a giya ta biyu, kuma duk inda ta kwana sai an ga tabon mai a ƙasa. Ya ce: "Malam, gareji uku na kai ta."

Tun kafin in shiga rami na san abin da zan tarar. Gam. Ko'ina gam, an damɓara shi a bakin murfin inji kamar ana yaɓen ɗaki. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai. Gam ba ya tsayar da yoyo, ɓoye shi yake yi na sati biyu, in kuma ya ɓalle ta ciki sai ya je ya toshe rariyar famfon mai.

Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, a kan Fijo 504 ya raine mu. Shekara guda na yi ina wanke kaya da kananzir kafin ya bari in riƙe sifana. Idan mota na yoyo, ba ya bari a kwance ko noti ɗaya sai an wanke injin tas, an tayar, an zauna ana kallon inda ɗigon farko zai fito. Mai daga sama yake gangarowa, inda ya taru ba nan ne ya fito ba. Haka muka yi wa wannan. Wuri uku muka kama: gaskit ɗin murfin inji na gefe biyu, da sil ɗin baya da ke tsakanin inji da giya, sai soket ɗin wayar giya.

Wannan soket shi ne ciwon giyabos ɗin 722.6, wato samfurin giyar otomatik da ke jikin wannan mota. Fil goma sha uku gare shi, kuma da zarar robobinsa sun bushe sai man giya ya riƙa bin waya a hankali har ya isa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa giyar. Mun buɗe, mun tarar da mai a ciki, muka wanke muka shanya. Amma giyar kanta ta riga ta tafi. Man ya yi baƙi yana warin ƙuna, ga garin ƙarfe kwance a farantin ƙasa. Lokacin da aka ƙera ta, kamfanin ya ce man ba ya buƙatar canji, ko sandar awo ba a sa mata ba, shi ya sa da yawa suka shekara ashirin da man farko.

Neman wata giyar ne ya cinye mana kwanaki. Wani dillali ya kawo min guda yana rantsuwa 'yar Beljiyam ce, ba a taɓa ɗaura ta a ƙasar nan ba. An wanke ta da fetur sai ƙyalli take. Na ce a kwance farantin a gabana, nan take fuskarsa ta canza. Sai a ta uku na samu mai jan mai garau.

Tunda giya na ƙasa, muka sa sabon sil ɗin baya, don wanda ya bar tsohon sai ya sake sauke komai. Muka wanke bututan da ke kai mai lagireto, kada dattin tsohuwa ya shiga sabuwa. Kwanbata kuwa, wato abin da ke haɗa inji da giyar otomatik, da hannuna nake zaunar da ita, ina juyawa har ta shige ƙarshe, domin in ba ta zauna ba aka ɗaure, famfon giya ne zai fashe. Awon mai sai da ya yi zafi digiri 80, da sandar da muke ajiye da ita don irin wannan giya.

Da mai motar ya zo ɗauka ya so ya yi ciniki, ya ce wancan garejin rabin haka suka karɓa. Na ce: "Alhaji, leƙa ƙarƙashinta." Kwali muka shimfiɗa mata tun daren jiya. Ya durƙusa da babbar rigarsa ya jawo shi, ya juya gaba da baya, sannan ya ce a ba shi makulli.