Godiya ga waɗanda suka tsince mini rundunata

Alhamdulillahi, an yi gasa an tashi lafiya, kuma rundunata ta ƙananan mutum-mutumin sojoji na wasan tebur na Warhammer 40,000 ta hau teburi cikakkiya, maki 2,000 cif a ma'aunin girman runduna, abin da ni kaina na riga na fid da rai da shi. Ban ciyo komai ba, kar ma wani ya tambaya. Sai yau na samu na zauna rubutu, baya na ciwo, yatsu duk busasshen supa gulu, don haka duk wanda na tsallake ya yi mini afuwa.

Ba sai na maimaita yadda kabad ɗin gilashin da nake ajiye rundunar ya ɓallo daga bango ba, kun ga hotuna tun a daren. Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba. Da na ji ƙarar, 'yata ce ta fara faɗo mini a rai, domin a gindin kabad ɗin take zama tana ƙirga tankoki. Na shigo da gudu ba takalmi, ina kwaɗa mata kira, shiru. Ashe tana bayan ƙofa a takure, ta ƙi amsawa don kar a ce ita ta ja shi. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Har yanzu in na tuna ɗan tsakanin nan kafin na gan ta, sai gwiwata ta yi sanyi. Sauran duk dukiya ce.

Kun hana ni ambaton suna. To, zan kira ku da rundunoninku, wanda ya gane ya gane.

Mai Necron ne ya fara isowa, da safar hannu da hantsaki, ya hana kowa ɗaukar tsintsiya. Ya ce in aka share, kawuna da bindigogi za su tafi tare da gilashi. Haka muka durƙusa muna tsinta ɗaya bayan ɗaya, muna warewa a murafen kwali: roba nan, ƙarfe can, rezin gefe guda. Wanda ba ya harkar zai ce ai duk gam ne. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe su zama abu guda, amma ko kusa ba ya kama ƙarfe ko rezin, su sai supa gulu, kuma dole a kankare fenti daga bakin karayar kafin a ɗiga. Anti mai T'au ta ɗauki kayan rezin ƙirar Forge World, waɗanda suka fi kowanne tarwatsewa, ta tilasta mana sa takunkumi kafin a goga su saboda ƙurar tana illa ga huhu. Ita ce kuma ta sa wa Imperial Knight ɗina, ƙaton mutum-mutumin yaƙin nan, maganaɗisu a ƙugu, inda ya rabu biyu. Yanzu ya ma fi da sauƙin ɗauka.

Amma Baba mai Ork nake so na tsaya a kansa. An tara waɗanda fentinsu ya ɓarke a kwano ɗaya za a jiƙa su a sufirit a wanke su tas a sake. Sai ya sa hannu ya zaro guda, wani tsohon kyaftin na dalma da ya karye a idon sawu, takobinsa ma ya cire. Fentin ya yi kauri har ya cike zanen sulken, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, gindinsa koren nan shar irin na Goblin Green da ake yayi a shekarun 1990. Ya juya shi a haske, ya ce, "Ɗana, wannan ba hannunka ba ne. Wa ya yi masa fenti?" Na ce Yaya ne, Allah ya jiƙansa. Shi ya fara tara Warhammer 40,000 tun ana kiransa Rogue Trader, wanda Games Workshop suka fitar a 1987, kuma a hannunsa na fara riƙe burushi.

Baba bai ƙara cewa uffan ba. Ya ja kujera gefe, ya ɗauko ɗan abin hudarsa na hannu, ya huda ƙafar sama da ƙasa, ya yanko guntun waya ya zura a matsayin ƙashi. Mutum-mutumin da duka-duka tsayinsa bai wuce milimita 28 da 'yan kai ba, ku ƙiyasta kaurin idon sawunsa. Ya murza Green Stuff, ƙullun nan na cike giɓi, shuɗi da rawaya har suka koma kore, ya cike giɓin da bakin allura. Washegari da ya bushe ya dawo, ya zauna yana gauraya fenti har ya dace da shuɗin Yaya da ya koɗe, ya shafa a kan ɗinkin kawai, kuma da gangan ya yi shi da kauri don ya bi na asali. Karkataccen idon nan bai taɓa shi ba. Mutumin da duk mun san aikinsa zai iya shiga gasar fenti ta Golden Demon, ya zauna yana kwaikwayon hannun ɗan koyo. Na fita waje don kar yara su ga fuskata.

Baba, Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya ƙara wa idanunka haske, ya tsare hannunka daga rawa, ya ba ka masu yi maka fiye da haka ranar da kake bukata. Allah ya jiƙan magabatanka, ya haɗa su da Yaya a gidan rahama. Ku ma sauran, Allah ya tsare muku iyalanku da abin da kuka tara, ya raba ku da irin wannan dare, ya bar zumunci.

Samarin da suka kwana suna fenti, na gode. Na daɗe ina yi wa fentin Contrast, mai shafi ɗaya a gama, kallon aikin ragwaye tun da ya fito a 2019, kuma har gobe na fi son shafi a kan shafi, amma ba don shi da baƙin ruwan fentin nan Nuln Oil ba da rabin sojojin nan tsirara za su je gasa. Uwargida kuwa, da ta bar mana falo ya koma wurin aiki ba ta ce ƙala ba, godiyarta ba ta nan ba ce.

Akwai waɗanda jini ya haɗa mu, labari ya kai musu, abin da ya fito daga bakinsu shi ne dama kayan wasan yara ne. Ko lafiyar yarinyar ba su tambaya ba. Ba komai, Allah ya sa uzuri ne ya riƙe su.

Kayan da kuka bari suna nan na tattara: abin huda, burushi biyu masu jan mariƙi, da fitilar tebur. Mai su ya yi magana. Hasumiyar bindigar tankar Leman Russ guda ɗaya kuma har yau ba ta fito ba, don Allah kowa ya zazzage jakarsa.