Itace ma yana da inda yake tsayawa

Sana'armu renon dashen itatuwa ce, kuma mun fi ƙwarewa a na kan tsauni, inda sanyi da iska ba sa raga wa kowa. Kusan duk mai saye sai ya tambaya, "Malam, har ina itacen nan zai iya hawa?"

Abin ya dogara ne da ɗumi. Duk hawan mita 1,000, zafi kan sauka da kusan digiri 6. Inda lokacin tsiro bai kai wata uku ba, ko matsakaicin ɗuminsa ya gaza digiri 6 zuwa 7, itace ba ya miƙewa. Shi ya sa iyakar da itace ke tsayawa ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A tsaunukan Alps na Turai daji kan ƙare a mita 2,000 da 'yan kai, a dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya wajen 3,000, a dutsen Sajama na Bolibiya kuwa itacen Polylepis ya kai wajen 5,000. Ƙananan tsirrai masu kwanciya a ƙasa sun wuce nan. A tsaunukan Himalaya na Asiya an same su sama da mita 6,000, don suna manne da ƙasar da ke riƙe zafin rana.

Lokacin da nake yaron gida, maigidana ba ya bari in taɓa ledar renon dashe sai na bi shi ɗibar iri. Mu hau har inda daji ya fara sirancewa, ya nuna min itatuwan ƙarshe, gajeru, a murɗe, rassansu duk sun karkata gefe ɗaya saboda iska. Ya ce in cusa yatsa a ƙasa. Sanyi ƙalau, alhali rana na dukan ƙeyata. Saiwa ba ta tafiya a ƙasa mai sanyi irin wannan, in ji shi, komai kyan ganye.

Har yau irinmu daga sama muke ɗebo shi, daidai da tsayin inda za a dasa. Ba ma ɗura wa dashe taki don ya yi tsawo. Muna rage masa ruwa sannu a hankali, mu fitar da shi ya sha iska da sanyin dare kafin ya bar hannunmu. Kara gajere mai kauri, wanda saiwarsa ta cika leda, shi muke nema.

Sai wani ya zo ya ce namu ya yi tsada, ga na wasu can dogaye, kore shar. To, ai na kwari ne! An tashe su cikin ɗumi, an cika su da taki, daren sanyi na farko zai ƙone kansu. Masu sayar da su ko tsayin gonar mutum ba sa tambaya. Mu kuwa kafin a yi ciniki sai mun ji ko gangaren na fuskantar rana, da ta inda iska ke bugowa. In wurin ya haura iyakar itace, sai mu ce a haƙura, a dasa masu kwanciya.