Wa ake rufa wa asirin?

Aikina duba mata ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye a kudancin Kano. Ba a zuwa mana a ce an yi wa yarinya fyaɗe. Uwa ce za ta jira layi ya watse, ta shigo da 'yarta ta ce ciwon mara take, ko ta faɗi a hanyar rafi. Sai na tura ƙofa, na ce, "Yaya, gaya mini gaskiya," sannan kuka ya zo, maganar ta biyo baya. Sau da yawa an riga an yi kwana huɗu ko biyar.

Kwanakin nan su ke ci mini rai. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana shigar ciki kuwa bai wuce kwana 5. An yi mata wanka, an wanke zanin, shaida ta bi ruwa. Duk wannan lokacin a zaure aka ɓata shi, maza na sasantawa. Dangin mai laifi sun zo da dattijo da ɗan kuɗin magani, an ce ƙaddara ce, a bar wa Allah, in magana ta fita wa zai aure ta? Yarinyar tana ƙuryar ɗaki, ba wanda ya tambaye ta.

A watan Yunin 2020 'yan sanda suka kama wani a Kwanar Dangora, wanda mutanen gari ke kira Mai Siket, bisa zargin fyaɗe ga mata kusan 40 cikin shekara guda, har da tsohuwa mai shekara 80. Wata uwa ce ta tarar da shi a ɗakin 'ya'yanta, maƙwabta suka bi shi suka cafke. Shi dai cikin dare yake haura gidaje. Waɗanda nake jin labarinsu an san su sarai: mai shagon da ke cinye tallar yarinya ya ce ta shigo ta karɓi kuɗi, maƙwabcin gona lokacin da dawa ta rufe mutum, wani sa'in ɗan cikin gida. Na duba yara daga gidaje daban-daban, suka faɗi suna ɗaya. Kowane gida ya ɗauka shi kaɗai abin ya samu, don kowa an ce ya yi shiru. Mutumin kuwa yana sahun gaba a masallaci, ya gane ba abin da zai same shi.

Akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke birni, inda ake duba wadda abin ya shafa, a ba ta magani da shawara, a rubuta rahoton likita da kotu za ta karɓa. Daga nan kuɗin mota kaɗai kan hana mutum zuwa. Shi ya sa muka roƙi matan adashinmu su riƙa ware wani abu don wannan. A ranar awo kuma nakan ce wa iyaye mata kada su wanke kayan, kada su jira gari ya waye, su buga mini ƙofa ko tsakar dare ne.